Tsakanin gulbi da dutse: Yadda wuraren shan iska suka ƙanƙance wa mutanen Gusau

Duk lokacin da zafi ya tsananta, ko kuma a ranakun yawon Sallah, bakin gulbin da ya ratsa Gusau kan cika da matasa. Wasu na wanka, wasu na wanke babura, wasu sun shimfiɗa tabarma suna shan rake. Yara kuwa tsohon tiyub ɗin mota suke samowa wurin mai faci, su hura shi, su kwanta a kai ruwa yana jan su.

Wannan shi ne Gulbin Sakkwato. Ya taso daga yankin Funtuwa a Jihar Katsina, ya bi ta Gusau da Bunguɗu, ya cika Madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, sannan ya haɗe da Gulbin Rima ya wuce Argungu. Ba yau aka fara hawa abu a yi yawo a ruwansa ba: masuntan Argungu har gobe da gora suke shiga. Tiyub ɗin yaran Gusau gorar zamani ce kawai.

Wuraren da aka rage zuwa

A da, wanda ke son shan iska a wajen gari yana da zaɓi. Akwai Dutsen Kwatarkwashi a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wanda ya yi suna da tsohuwar al'adar kamun mikiya. Gaba kaɗan akwai duwatsun Tsafe da 'Yandoto, tsohon garin malamai. Can kudu, a Ƙaramar Hukumar Maru, ga gandun dajin Kuyambana da aka keɓe domin namun daji.

Matsalar tsaro ta sauya komai. Yau idan aka ambaci Kuyambana, maɓoyar 'yan bindiga ce ke fara zuwa zuciyar mutane. Hanyar Tsafe ta sha fama da tare matafiya da garkuwa da mutane. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a faɗin jihar, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Batun kwana a daji ko a bakin ruwa don nishaɗi kuwa, ba uban da zai amince da shi.

Abin da ya rage wa yawancin matasa shi ne bakin gulbin da ke kusa da gida. Sai dai shi ma yana da nasa haɗarin.

Ruwa ba ya tsami banza

Mutanen Gusau sun san ƙarfin wannan ruwa. Ranar 30 ga Satumban 2006, madatsar ruwan garin ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama. Rahotanni a lokacin sun ce kimanin mutum 40 ne suka rasu, gidaje kusan 500 suka rushe.

Amma ba sai madatsa ta ɓalle ba ruwa ke cin rai. A ƙasan kowace madatsa, inda ruwa ke zubowa, yakan yi juyi ya dawo baya, ya riƙe duk abin da ya faɗa ciki. Ko gwanin iyo da wuya ya kuɓuta daga nan.

Ramukan da masu ɗibar yashi ke bari su ma tarko ne. Yaro na tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya shanye kansa. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, ruwan da aka yi a can sama na iya isowa Gusau alhali ko ɗigo bai sauka a garin ba.

Shi ma tiyub ba rigar ruwa ba ce. Yana kifewa, yana sacewa, yana suɓuce wa hannun yaro.

Akwai kuma tsargiya, cutar fitsarin jini. Ƙwayoyinta na fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa mai kwanciya, su shiga ta fata. Tana da magani a asibiti, don haka bai kamata a ɗauki jini a fitsarin yaro a matsayin alamar girma ba.

Me ya kamata a yi?

Dokokin ba su da wuya. Kada yaro ya je gulbi ba tare da babban da ya iya ruwa ba. A nisanci ƙasan madatsa da wuraren ɗibar yashi. Idan ruwa ya yi ja yana tafe da itace da shara, a haƙura. Idan wani ya nutse, a miƙa masa sanda ko a jefa masa igiya ko jarkar da ba komai a ciki, maimakon a faɗa a bi shi. Sannan a dawo gida kafin magariba.

Sauran aikin na hukuma ne da masu unguwanni: a ware wurin wanka guda da aka auna zurfinsa, a kafa alamomin gargaɗi da Hausa da ajami, a sa masuntan yankin gadi a ranakun Sallah. Hana yara zuwa gulbi bai taɓa yiwuwa ba. Abin da zai yiwu shi ne a tabbatar duk wanda ya tafi da tiyub ɗinsa ya dawo da shi gida da ƙafarsa.