Doguwar Suma Bayan Raunin Kai

Akan kawo mutum asibitin Mubi bayan hatsarin mota ko babur, kansa ya bugu, bai san inda yake ba. Likita yakan fara da Ma'aunin Glasgow na 1974, watau ya duba buɗe ido da magana da motsi, ya ba da maki daga 3 zuwa 15.

Idan mako 4 ya wuce hankali bai komo ba, to, hali biyu ne. Wani yakan buɗe ido, ya yi barci ya farka, amma bai san kowa ba. Wani kuwa da sauran sani: yakan bi madubi da ido, ko ya motsa yatsa in an ce ya motsa, amma ba kullum ba. Binciken da aka yi a Beljiyam a 2009 ya nuna kimanin 4 cikin 10 na waɗanda aka zaci ba su san kome ba, ashe da sauran saninsu.

Saboda haka dubawa ɗaya ba ta isa. Lalle masu jinya su riƙa lura, su shaida wa likita abin da suka gani da lokacinsa. Kada a yi gaggawar fid da rai.