Fadama da jigawa a bakin teku: yadda aka saukaka tafiya a Minsmere

A gabashin Ingila, cikin gundumar Suffolk, akwai wurin da fadama da jigawa suka haɗa iyaka a bakin Tekun Arewa. Fadamar ita ce Minsmere, wadda ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB take kula da ita tun 1947. Jigawar kuwa, Dunwich Heath, tana kan ɗan tudu daga arewa, a hannun ƙungiyar National Trust tun 1968. Tsofaffi masu dogara sanda da iyaye masu tura jarirai a keke suna zuwa yawon shan iska a nan, har da masu keken guragu a wasu hanyoyin. Ƙasar a shimfiɗe take, babu hawan da zai sa mutum haki. Sai dai duk wanda ya taɓa ratsa fadama da damina ya san shimfiɗar ƙasa ba ita ke hana ƙafa nutsewa ba. Kusan duk busasshen wurin da mai yawo ya taka a Minsmere, hannun mutum ne ya gyara shi.

Daga ruwa ya kamata a fara, domin shi ne mai gari. Fadamar tana ƙasa ƙwarai, har idan teku ya cika yakan fi wasu sassanta tudu, kuma abin da ya raba su tudun yashi ne da tsakuwa. A farkon ƙarni na 19 aka haƙa wata miƙaƙƙiyar magudana aka tattara ruwan kogin Minsmere a cikinta, aka yi mata ganuwar ƙasa dama da hagu, aka kai ta wata ƙofar ruwa a bakin teku. Ƙofar ba ta da wani sihiri. Idan teku ya janye, nauyin ruwan fadama ya tura marfinta ya fita. Idan teku ya dawo, nasa nauyin ya danne marfin ya rufe, ruwan gishiri bai samu hanya ba. Ta haka aka tsotse wurin ya zama makiyaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma hukumomi suka sake cika shi da ruwa da gangan, don kada sojojin Jamus su sami wurin sauka. Har yau manyan tubalan siminti da aka jera don tare tankokin yaƙi suna nan cikin yashin gaɓar. Da aka bar ruwan ya kwanta, dogayen ciyayin ruwa dangin kyauro suka mamaye fili, tsuntsaye suka biyo baya. A 1947 wata tsuntsuwa mai fari da baƙi da dogon baki lanƙwasasshe sama, avocet, ta yi sheƙa a nan bayan kimanin shekara ɗari ba ta hayayyafa a Birtaniya ba. Ita ce a tambarin RSPB.

Wannan tarihi shi ya shata hanyoyin. Mai yawo yana tafiya ne a kan ganuwoyin da aka yi don tare ruwa, shi ya sa hanyar take miƙe, kuma take sama da ciyayi yadda ido zai kai nesa. Inda babu ganuwa, an kafa turaku cikin laka an shimfiɗa katako a kai, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashi, mutum yana wucewa ta sama, babu mai takura wa wani. Hanyar da ta fi farin jini ba ta wuce kilomita 3 da ɗoriya ba. Tana zagaye wani tafki marar zurfi mai ƙananan tsibirai, wanda mai kula da wurin a lokacin, Bert Axell, ya fara haƙawa da katafila a 1962. Ana ƙara masa ruwa ko a rage gwargwadon lokaci: ya yi ƙasa yadda tsuntsaye masu dogayen ƙafafu za su yi kiwo a laka, amma kada ya ƙafe har yanyawa ta taka zuwa tsibiran ta kwashe ƙwai.

A gefen tafkin an gina ɗakunan leƙe na katako, da benci a ciki da siraran tagogi. Mutum ya shiga, ya ja ƙofa a hankali, ya ɗaga marfin taga ya saƙale shi, ya jingina gwiwar hannu a kan katakon da hannuwan baƙi suka goge har ya yi santsi. Magana sai ƙasa-ƙasa. Dab da isa ɗakin, an kare hanyar da shinge ko an bar ciyayi sun yi tsayi, don kada tsuntsu ya hango siffar mutum a tsaye. A nan ne ma'anar sauƙin hanyar take fitowa. Ɗan Adam ba ya barin hanya mai daɗi ya faɗa laka, saboda haka kyakkyawar hanya ta fi allon gargaɗi goma iya tsare mutane. Dubban baƙi suna bin siririn layi guda, sauran fadamar, wadda ita ce mafi yawa, an bar wa masu ita. A ganina wannan ciniki ne mai kyau, ko da yake wanda ya zo neman daji marar shinge zai ji kamar an yi masa linzami.

Ribar cinikin tana da shaida. A 1971, wata shirwar fadama da ake kira marsh harrier ta ragu har saura namiji da mace guda masu sheƙa a duk Birtaniya, kuma a Minsmere suke. Yau da wuya a zauna a ɗakin leƙe na Island Mere ba a ga ɗaya tana shawagi a kan ciyayi ba. Haka wani tsuntsu dangin zalɓe, bittern, mai ɓuya cikin ciyayi, wanda namijinsa ke yin wani gurnani mai zurfi da bazara: a 1997 maza 11 kacal aka ji a ƙasar baki ɗaya. Abin da ya kusa ƙarar da shi shi ne tsufan fadama. Kowace shekara ciyawar takan mutu ta zube, tarkacenta ya taru, ƙasa ta yi tudu ta bushe, itatuwa su tsiro, kifi ya rasa mashiga. Maganin shi ne yanka ciyawar kashi-kashi, da kwashe saman ƙasa, da yashe magudanu. Akwai kuma wasu gajerun dawakai jinsin Konik, 'yan asalin ƙasar Folan, da aka saka suna kiwo a wuraren da ke da dausayi don kada su cushe.

Daga bakin teku, 'yar gajeriyar hawa ce ke kai mutum jigawa, inda tsofaffin fararen gidajen masu gadin gaɓa suke, yanzu har da wurin shan shayi a ciki. Nan sauƙin tafiyar daga ƙasar kanta yake. Yashi ne da tsakuwa, ruwan sama yana sauka yana shigewa, don haka ko da hunturu hanyar ba ta cika caɓewa ba. Ruwan da ke shigewa da sauri yana wanke abincin tsiro ya bar ƙasa mai tsami, wadda manomi ba ya so amma wani gajeren tsiro mai suna heather yake so. Daga Yuli zuwa Satumba yakan rufe tudun da fure shunayya, a tsakaninsa ga wata ƙaya mai rawayen fure, gorse, da ke ƙamshin kwakwa idan rana ta buga ta.

Ita ma jigawar ba haka Allah ya bar ta ba tun fil azal. Daji ne aka sare tun dubban shekaru, tumaki da zomaye suka hana shi dawowa. Da kiwon ya ja baya, aka dasa gandun itatuwa a wani ɓangare, aka nome wani, aka yi filayen jirgin sama da gidaje, mafi yawan jigawar wannan gaɓa, da ake kira Sandlings, ta tafi. Abin da ya rage sai an yi ta tuge 'ya'yan itatuwa ana sassabe, in ba haka ba cikin 'yan shekaru ya koma kurmi. Tsuntsayen nan da yawa a ƙasa suke ƙwai, ciki har da yautai, wanda ke zuwa daga Afirka da bazara, shi ya sa ake sa a riƙe kare da igiya a watannin sheƙa. A cikin fadamar RSPB kuwa kare ba ya shiga, sai a hanyoyin da doka ta ba kowa damar bi. Wani baƙon daga wajenmu shi ne ɗan ƙaramin tsuntsu dangin tsattsewa da ke haƙa ramuka a bangon yashi kusa da ofishin baƙi na Minsmere. Irinsa a yankin Sahel yake cin hunturu. Mai yawo ya dai riƙa duba inda zai taka, domin macijin Birtaniya ɗaya tilo mai dafi yana son shan hantsi a gefen waɗannan hanyoyi, kuma kaska tana cikin ciyawa.

Wurin da ya fi gajiyarwa shi ne wanda ya fi kama da sauƙi, wato bakin tekun. Tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin ƙafa, kilomita ɗaya a kanta ya fi biyu a kan ganuwa cin ƙarfi, don haka waɗanda suka saba sukan bi ta bayan tudun yashi inda ciyawa ta ɗaure ƙasa. Wanda ke da awa biyu ko uku zai iya bin nan zuwa ƙofar ruwan, ya hango farar ƙubbar tashar nukiliya ta Sizewell daga kudu, ya juya cikin ƙasa ta gefen kufan wata 'yar majami'a, inda aka kafa gidan ibadar Leiston a 1182 kafin ambaliya ta sa aka tashe shi a 1363, ya ɓulla ƙauyen Eastbridge, ya koma tudu ta cikin itatuwa. Wannan ɓangaren yakan yi laka da hunturu, wani lokaci ruwa ya rufe shi.

Teku kuwa bai sa hannu a kowace yarjejeniya ba. Dunwich, ɗan ƙauyen da ke arewa da jigawar, babbar tashar jiragen ruwa ce a ƙarni na 13, har guguwar 1286 da ta 1328 suka toshe mashigarta, zaizaya ta ci gaba da cin garin unguwa-unguwa. Majami'ar All Saints ta rufta daga kan gaɓa kaɗan-kaɗan a farkon ƙarni na 20. Gaɓar yashi ce marar ƙwari, tana ci gaba da zubewa, shi ya sa ake hana mutane matsawa bakinta ko zama a gindinta, kuma idan hanya ta yi kusa da baki sai a rufe ta a shata wata daga ciki. A Minsmere ma an ƙarfafa ganuwar arewa, wadda ta ratsa fadamar daga tudu zuwa teku, domin ranar da igiyar ruwa ta fasa tudun yashi, ruwan gishirin ya tsaya a ɓangaren arewa kada ya kai ga babbar fadamar.