Wa ke cinye kuɗin doya tsakanin gona da Keffi?

Daga Keffi zuwa Abuja tafiyar kilomita 50 da 'yan kai ce, a kan kwalta mai hannu biyu. Daga gonakin da mutanen Yara da sauran unguwannin Keffi ke nomawa a ƙauyukan kewaye zuwa cikin gari kuwa, nisan bai taka kara ya karya ba. Amma sa dillalin doya ya yi maka lissafi, za ka tarar kowace kilomita ta gajeriyar tafiyar ta fi ta doguwar cin kuɗi, nesa ba kusa ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wanda kowa ke fara nuna wa yatsa shi ne fetur. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi ko'ina. Sai dai farashin gidan mai ɗaya ne ga mai shiga ƙauye da mai nufar Mararaba a kan titin Abuja, kuma wannan tazarar kuɗi ta girmi cire tallafin. Fetur ya ƙara wa miki gishiri ne kawai.

To, ko direbobi da 'yan kamasho da masu yankan rasit? Biri ya yi kama da mutum. Amma shingaye sun fi yawa a babban titi, inda kaya ke tafiya da rahusa. Kuma da hanyar ƙauye na da romo, da direbobi sun yi ta rububinta. Abin da manomi ke ji shi ne: "Baba, ka fito da kayan bakin titi, ni ba na shiga."

Wannan maganar ita ce bakin zaren. Tsaya a mahaɗar da hanyar ƙasa ta sadu da kwalta cikin watan Agusta, lokacin sabuwar doya, ka ga abin da ke fitowa. Babura ne, an ɗaure buhu a baya, wani a kan tanki, ɗan acaɓa ya jiƙe da taɓo har gwiwa. Ƙwarya guda ta doya 100 ce. Motar ɗaukar kaya ƙirar kanta kan kwashi ƙwarya da yawa a tashi ɗaya, babur kuwa sai ya yi ta sawu kafin ya fitar da ɗaya, kuma duk komawa fanko yake yi, manomi ne ke biyan zuwa da dawowa. Ga doyar da igiya da gargada suka kurje, wadda mai saye zai karya wa farashi. Tsadar, ashe, daga ƙanƙantar abin hawa take.

Me ya hana kanta shiga, alhali da rani tana shiga? Bi hanyar da ƙafa. Mafi yawanta lafiya lau take, jar ƙasa ce mai tauri. Inda take mutuwa wuri ɗaya ne ko biyu: mashigin rafi, ko kwalbatin da yashi da leda suka toshe har ruwa ya kewaye shi ya cinye gefensa, ya bar bututun siminti tsirara a tsakiyar kwazazzabo. Hanyar ƙasa na rayuwa ne da abu biyu, doro a tsakiya da lambatu a gefe. Da doron ya baje, sai ruwa ya bi sawun taya, sawun ya zama kwari. Taku goma da suka lalace sun isa su rufe wa mota duk sauran hanyar.

Gyaran irin wannan wuri bai kai kuɗin shimfiɗa kwalta ba ko kusa, don haka sai a tambayi mai hanyar. A Najeriya tituna kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Titin Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurdi na tarayya ne. Kamfanin China Harbour ya mayar da shi mai hannu biyu da bashin da aka ciwo daga Sin, ga kuma hukumar FERMA da aka kafa a 2002 don gyaran irinsa. Hanyoyin ƙauye, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hanyoyin ƙasar, suna wuyan ƙananan hukumomi ne, su da suka fi kowa ƙarancin kuɗi da injiniyoyi. Kason nasu ma shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye.

Keffi na da tata ƙarin matsalar. Ƙaramar hukumar ba ta da faɗin ƙasa. Kaɗan ka fita gari ka faɗa Kokona ko Karu. Sai ya zama rafin yana ƙasar wata hukuma, kasuwar da ke cin moriyar kayan tana wata. Wanda ke karɓar harajin kasuwa ba shi ke da kwalbatin ba.

Ba a ce ba a taɓa gwadawa ba. Hukumar DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986 ta fasa hanyoyin ƙauye da dama da gireda, amma ba a tanadi mai kula da su ba, damina ta karɓe kayanta. Shi ya sa shirin RAAMP da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 ya nemi jihohi su kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyara na dindindin. A ganina wannan sharaɗin ya fi rancen kansa amfani, domin ɗan siyasa na son yanke zare a sabon titi, babu mai kiran 'yan jarida don an yashe lambatu.

Mai laifin dai kwalbati ne da ba shi da mai kula. Shugabannin Keffi, Kokona da Karu su zauna da masu unguwanni da 'yan acaɓa, waɗanda suka san kowane mashigi da sunansa, a rubuta wuraren, a raba su, a yashe a gyara tun cikin rani, kafin ruwan Afrilu ya sauka.