Ma'aikaci, Ina Takardarka?

A makarantun kuɗi, asibitoci masu zaman kansu, gidajen mai da ƙananan kamfanoni, sau da yawa da baki ake ɗaukar mutum aiki. Wani ya kai ka, aka gaisa, mai wurin ya ce, "Ai kai namu ne, ba sai da takarda ba." Ka yi godiya har da rusunawa. Daga ranar nan albashinka, hutunka da lokacin tashinka sun koma hannun mutum ɗaya, yadda ya ga dama haka za a yi.

Inda babu ƙa'ida a rubuce, fadanci ne ke cin kasuwarsa. Sai ka ga wanda ya fi kowa sanin aiki an jingine shi shekara da shekaru, ɗan gaban goshi kuwa, da ba shi da aiki sai ɗaukar jakar Yallaɓai da kai masa tsegumi, shi ake tura wa kwas, shi ake ƙara wa girma. A wurin taro Oga ya ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, sai wuri ya yi tsit, kowa ya zuba wa tebur ido, don an ga abin da ya sami wanda ya buɗe baki a taron baya. Wata ya raba albashi bai shigo ba, akanta na cewa a ƙara haƙuri. Ka sake tambaya a ce maka, "In ka gaji ga ƙofa nan, masu nema ba sa ƙirguwa." Shi kuma shugaba yana ɗaukar shirun nan ladabi ne, har ƙwararrunsa su sulale ɗaya bayan ɗaya.

To amma doka ba ta bar ma'aikaci haka ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya wajabta a ba shi takarda cikin wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu da wa'adin sallama. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara 2 zuwa 5 sai an ba shi sanarwar mako biyu kafin a sallame shi, wanda ya kai shekara 5 kuma wata guda, ko a biya shi kuɗin wa'adin, sai fa in babban laifi ya aikata. Bayan wata 12 yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa. Leburori da ƙananan ma'aikatan ofis dokar ta fi shafa. Manyan ma'aikata da ƙwararru, takardar yarjejeniyarsu ce madogararsu.

Batun fansho ya fi komai ban takaici. Dokar Fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai wurin ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun fanshon ma'aikacin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Akwai wuraren da suke cirewa amma ba sa zubawa, sai ranar ritaya mutum ya tarar da wayam. Ka riƙa neman bayanin asusunka; in ka ga giɓi, hukumar fansho ta PenCom ce ke karɓar wannan koke.

Ka adana takardar albashi, saƙon banki da umarnin da aka turo maka ta WhatsApp. In an ba ka takardar tuhuma, ka amsa a rubuce, ka riƙe kwafi. Kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki da ba kai ka rubuta ba, ko da an ce maka cike ƙa'ida ne kawai. Macen da shugaba ke matsa wa da neman lalata ita ma ta ajiye saƙonninsa. Ana fara kai kuka ga ƙungiyar ƙwadago ko ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiha. In abin ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa, tana da rassa a Kano da Kaduna.