LIBARBA DA 'YAN'UWANTA: ƘANANAN BINDIGOGI A SABON GARI DA FAGGE

Duk inda dukiya ta taru, tsoro yakan taru tare da ita. A Kano kuwa babu inda kuɗi ke juyawa daga hannu zuwa hannu kamar tsakanin kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari da wurin 'yan canji na Wapa a Fagge. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in an ji 'yan kasuwa suna zancen ƙaramar bindiga, watau irin wadda akan soke a ƙugu ko a ɓoye cikin aljihu, wani ya ce wannan ta fi, wani ya ce a'a, waccan ce. Yawancin masu gardamar ba su taɓa riƙa ta ba. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatunmu, musamman ma'aikatan ofis da malaman makaranta waɗanda jama'a kan tambaya, irin waɗanda masu riƙe su suka fi so, da dalilin son, da kuma abin da doka ta ce a kansu.

Da farko dai, ƙaramar bindiga baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Bindigar da kakanninmu suka sani doguwa ce, ta ɗuri, wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da ƙarfe. Waɗansu sun zo ta hamada tare da fataken Tarabulus, waɗanda ayarinsu kan sauka a Fagge, waɗansu kuma ta bakin teku. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara su da yawa, har ya sa aka ƙera masa igwa a Zandar, kuma Sarkin Kano Alu yana da 'yan bindiga cikin bayinsa. Amma a shekarar 1890 ƙasashen Turai suka taru a birnin Burasal na Beljiyam, suka yi yarjejeniya kada a sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, sai na ɗuri kaɗai. Amfanin wannan a wurinsu ya bayyana ran 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da Kanar Morland ya tsaya a bakin ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa, mutanen gari kuwa galibinsu sai kwari da baka da takobi da harbi-ka-ruga.

A ƙugun hafsoshin Turawa na wannan zamani ne mutanenmu suka saba ganin libarba. Sunan ma daga bakin Ingilishi aka aro shi, ma'anarsa kuwa abin da ke juyawa. Tana da 'yar ganga a tsakiya mai ramuka, galibi shida, kowane rami da harsashi ɗaya. In aka ja kunama sai gangar ta juya ta kawo sabon harsashi daidai da bakin bindigar. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt shi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1836, ya kuma yi arziki da ita. Amma wadda Nijeriya ta sani ita ce Webley, ƙirar birnin Bamingam na Ingila, wadda sojan Ingila suka ɗauka tun 1887. Samfurinta na shida, na 1915, shi ya fi shahara. Faɗin harsashinta inci 0.455 ne, nauyinta ya kusa laba biyu da rabi, kuma akan karya ta ne daga sama kamar an buɗe almakashi, sai kwansayen da aka harba su zubo gaba ɗaya.

Masu son libarba har yau hujjarsu ɗaya ce, ba ta da fushi. Ƙura ba ta cika hana ta aiki ba, abin da ba ƙarami ba ne a garin da hunturu ke rufe shi wata uku. In harsashi ya ƙi tashi, mai ita ba ya buƙatar wata dabara, sai ya sake jan kunama gangar ta wuce zuwa na gaba. Tana iya shekara cikin akwati a ɗauko ta ta yi aiki. Aibinta kuwa shi ne harsashi shida ne kurum, ɗurinta da jinkiri, kuma gangar takan yi tudu a ƙarƙashin riga har mai ido ya gane.

Ƙanwarta ita ce mai ɗura kanta. Wannan ba ta da ganga. Harsasanta suna jere cikin wani gida da akan tura cikin mariƙi, kuma ƙarfin harbin da aka yi shi ke tofar da kwanso ya ɗauko wani. Gwanin wannan sana'a shi ne John Browning, shi ma Ba'amurke, wanda ya yi aiki da masana'antar FN ta garin Hastal a Beljiyam. Ya mutu a 1926 bai gama ta ƙarshe ba, sai wani ma'aikacin masana'antar, Dieudonné Saive, ya ƙarasa ta, aka fito da ita a 1935 da sunan Browning Hi-Power. Harsashinta milimita 9 ne, tana cin 13 a ɗuri ɗaya, watau fiye da ninkin na Webley. Wannan shi ya sa sojojin ƙasashe da yawa suka so ta, har a Yaƙin Duniya na Biyu aka ga Jamus na riƙe da ita, abokan gabanta su ma suna riƙe da ita. Nijeriya ma ta bi sahu, gama masana'antar ƙera makamai da Gwamnati ta kafa a Kaduna a 1964 daga baya ta riƙa ƙera irinta.

Kada wani ya raina ta don ƙanƙantarta. Da wata ƙaramar Browning, samfurin 1910, wadda ba ta fi tafin hannu da yawa ba, wani saurayi ya harbe yariman Ostiriya da matarsa a birnin Sarayebo ran 28 ga Yuni 1914. Daga nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi, har aka kwashi samarin Arewa zuwa Kamaru da Afirka ta Gabas, waɗansunsu ba su komo ba.

A zamanin nan kuwa sunayen da suka fi yawo a bakin mutane su ne Beretta da Glock. Beretta ta Italiya ce, gidan da ke ƙera ta ya daɗe ƙwarai, gama takardunsa sun kai 1526, samfurinta na 92 kuwa yana cin harsashi 15. Glock ta Ostiriya ce, ta fito a 1982, tana cin 17, kuma gangar jikinta ta roba ce mai tauri, don haka ba ta da nauyi, tsatsa kuma ba ta cin wannan sashe. Da farko tsofaffin soja sun yi mata dariya, suna ganin kayan wasan yara ne. Amma a 2013 sojan Ingila da kansu suka ajiye Browning suka ɗauke ta. A ganinmu, in ana maganar aikin ɗan sanda ko soja, mai rauƙi da yawan harsashi ta yi gaba, libarba kuwa ta zama ta masu sha'awar kayan da.

To, wannan duk zancen waɗanda aikinsu ya ba su bindiga ne. Ga ɗan kasuwar Sabon Gari ko na Kwari magana dabam take, kuma a nan ne muke so masu karatu su natsu.

Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959 aka yi ta yi mata gyara, ta raba bindigogi kashi uku. Kashi na ƙasa shi ne na ɗuri, irin na maharba da na 'yan bindigar Sarki da kan cika gari da hayaƙi ranar hawan salla. Lasin ɗinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Kashi na tsakiya shi ne irin su mai baki biyu ta farauta da bindigar iska, lasin ɗinsu kuwa daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake fitowa. Kashi na sama shi ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Cikin wannan kashi aka jera igwa da bom da gurneti da bindiga mai ruwa. To, a tsakiyar waɗannan manya aka sa libarba da dukan 'yan'uwanta, har da ƙaramar ta ɗuri wadda maƙeri ya ƙera. Mutane da yawa ba su san wannan ba. Suna tsammani tun da ƙarama ce lasin ɗinta zai fi sauƙi, alhali kuwa ƙanƙantar ce laifinta. Mai doguwar bindiga kowa na ganinsa tun daga nesa, a san mafarauci ne ko mai gadi. Mai ƙarama kuwa yana iya zama kusa da kai a mota ko a masallaci ba ka sani ba. Wanda aka kama da ita ba izini, hukuncin da doka ta ambata ya kai ɗaurin shekara 10.

Ko waɗanda ake ba da lasin ɗinsu ma ba kowa ake ba wa ba. Dokar ta hana wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Me ya sa hukuma ta tsananta haka? Tarihin unguwannin nan biyu kaɗai ya isa amsa. An yanka Sabon Gari wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don a zaunar da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Joji ne ke mulkinta har 1940, sa'an nan aka mai da ita ƙarƙashin En'e ta Kano. Fagge tana daura da ita, hanya ce kurum ta raba su. Ran 16 ga Mayu 1953 rigima ta tashi kan zuwan 'yan jam'iyyar Action Group, bayan gardamar neman mulkin kai da aka yi a majalisa a Ikko. Kwana huɗu ana fama tsakanin unguwannin biyu, har aka ja waya mai ƙaya a tsakaninsu. Lissafin hukuma ya nuna mutum 36 suka mutu, 241 suka yi rauni. An sake zub da jini a wannan wuri a 1966, da 1991. Mai hankali ya zauna ya auna yadda lissafin nan zai zama da a ce kowane kanti yana da Browning mai harsashi 13 a ƙarƙashin tebur.

Sai dai doka daban, abin da ke ƙasa daban. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar makamai a hannun jama'a, fashi ya yawaita, har Gwamnatin soja ta kafa dokar kisa ga 'yan fashi da makami a 1970. Rushewar Libiya a 2011 ta sake buɗe wata kafa ta hamada, kusan hanyar nan da fataken Tarabulus suka bi da. Amma ƙaramar bindigar da 'yan sanda suka fi nuna wa 'yan jarida in sun kama ɓarayi ba ta Italiya ba ce, ba kuma ta Ostiriya ba. Ƙirar gida ce. Maƙeran Awka sun daɗe da suna a wannan aiki, kuma yanzu ana yinsa a ɓoye a wurare da yawa. Masu sayenta suna sonta don araha, don kuma ba ta da lambar da za a bi sawu. Galibinta harsashi ɗaya ko biyu take ci, saitinta ba ya nisa, ƙarfenta kuwa ba a gwada shi ba, don haka takan fashe a hannun mai ita. In ana neman wadda ta fi yawa a hannun da bai kamata ba, ita ce wannan.

Ba mu raina tsoron ɗan kasuwa ba. Mutanen Sabon Gari sun ga harin da aka kai wa Kano ran 20 ga Janairu 2012, sun ga bom ɗin tashar motar New Road ran 18 ga Maris 2013, kuma wanda ya rufe kanti da daddare da cinikin yini a jaka ya san abin da zuciyarsa ke gaya masa. Har shugabanni ma sun taɓa karkata ga wannan ra'ayi, gama a 2022 Gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'arta su nemi lasin su riƙe bindiga saboda 'yan ta'adda, manyan soja kuwa suka ce ba su yarda ba. A 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sababbin lasin.

Mu dai ra'ayinmu ƙaramar bindiga ba ta maganin abin da ɗan kasuwa ke tsoro. Ɗan fashi shi ke zaɓen lokaci, ba ya kuma zuwa shi kaɗai, kuma in ya ji labarin akwai bindiga a gida, ita zai fara nema. Sauran kwanakin shekara kuwa tana kwance a ɗakin da yara ke shiga, a gidan da ake yin fushi kamar kowane gida. A gidajen haya na Sabon Gari, inda iyali goma kan haɗa tsakar gida ɗaya, harsashin milimita 9 yana iya huda ƙofar katako ya sami wanda ke barci a bayanta. Abin da ya rage wa ɓarawo riba a Kwari da Wapa cikin 'yan shekarun nan shi ne ciniki ta banki da ta waya, da ƙofofin kasuwa masu gadi, da fitila a layi.

Ga malaman makaranta kuma akwai wani aiki. Yaran yanzu sun san sunan Glock daga sinima da waya tun ba su san sunan hakimin garinsu ba, kuma a kasuwar Sabon Gari ana sayar da ta roba wadda da daddare ba mai bambanta ta da ta gaske. Ya kamata a gaya musu tun suna aji cewa dokar fashi ta haɗa har da wanda ya tsorata mutane da bindigar ƙarya, kuma ɗan sandan da ya ga abu a hannun yaro cikin duhu ba zai tsaya tambaya ko roba ce ba. Wanda kuma ya gāji tsohuwar Webley cikin akwatin kakansa da ya yi aikin soja, ko da ta yi tsatsa, doka ba ta ɗauke ta kayan tarihi ba. Sai ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa su zo su ɗauka, ya karɓi takardar shaida, kada ya sa ta cikin aljihu ya ce zai kai da kansa.