Mazda RX-7: Motar Da Aka Sayar Da Araha, Ta Dawo Tana Tsada

A watan Yulin 2025, a wani gwanjo da kamfanin Bonhams ya gudanar a Goodwood ta ƙasar Ingila, an sayar da wata tsohuwar mota ƙirar Mazda RX-7 a kan kuɗin da ya haura dalar Amurka miliyan ɗaya. Motar ta fito a wani sanannen fim na tseren motoci da aka yi a 2006, kuma wannan ne ya ɗaga darajarta har haka. Amma duk da haka cinikin ya ja hankalin dillalai, domin a shekarun 2000 irin wannan mota tana cikin waɗanda masu su ke neman kai da su, suna karɓar duk abin da mai saye ya taya.

Tambayar da ta dace 'yan kasuwa su yi ita ce: me ya karya farashin motar tun farko, me kuma ya tayar da shi? Amsar tana cikin injinta, da darajar kuɗin Japan, da kuma dokokin haraji da na shigo da kaya a ƙasashe daban-daban.

Asalin injin

Yawancin motocin duniya suna aiki ne da inji mai fistin, wanda ke hawa da sauka a cikin silinda. Wani injiniya Bajamushe, Felix Wankel, ya ƙirƙiro wani inji na daban wanda ba shi da fistin ko bawul. A maimakonsu akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Yayin da yake juyawa, kowane gefe nasa yana jawo mai da iska, ya matse su, su kama wuta, sa'an nan ya fitar da hayaƙi. Shi ne ake kira injin rotari, watau mai juyawa. Ƙarami ne, ba shi da nauyi, ba ya jijjiga, kuma yana ba da ƙarfin da ya fi girmansa.

Kamfanin NSU na Jamus ne ya fara gwada injin a 1957. A 1961 kamfanin Toyo Kogyo na birnin Hiroshima, wanda daga baya ya koma Mazda, ya sayi lasisin ƙera shi. Shugaban kamfanin na lokacin, Tsuneji Matsuda, yana neman abin da zai bambanta ƙaramin kamfaninsa da manya irin su Toyota da Nissan. Ya ɗora aikin a kan injiniya Kenichi Yamamoto, wanda ya jagoranci rukunin ma'aikata 47.

Babbar matsalar da suka tarar ita ce ta wasu 'yan siraran ƙarafa da ke bakin kowace kusurwa, waɗanda ke hana iska zurarewa, kwatankwacin aikin ringi a inji mai fistin. Suna saurin cinyewa, suna kuma kankare bangon injin. Wannan matsala ta jawo wa NSU mummunar asara a kan motarsa Ro 80, saboda yawan injinan da ya riƙa canza wa masu saye kyauta, har a 1969 kamfanin ya faɗa hannun Volkswagen. Mazda kuwa ya daure, ya fitar da Cosmo Sport a watan Mayun 1967. Guda 1,176 kacal aka ƙera kafin a daina a 1972.

Tun farko araha ce ta sayar da ita

Rikicin man fetur na 1973 ya kusa durƙusar da Mazda, domin injin rotari ya fi takwarorinsa shan mai. Motoci suka taru a hannun dillalai a Amurka babu mai saye, har sai da bankin Sumitomo ya shiga tsakani ya ceto kamfanin. A 1979 kamfanin Ford na Amurka ya sayi kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarinsa.

A cikin wannan hali ne aka yanke shawarar mayar da injin kan ƙaramar motar gudu mara nauyi, inda mai saye ba zai damu ƙwarai da shan mai ba. Aka fitar da RX-7 a watan Maris na 1978. A Amurka an fara sayar da ita a kan dala 6,395, farashin da ya gaza na Porsche 924 nesa ba kusa ba, alhali ba ta gaza ta gudu ba. Kasuwa ta karɓe ta hannu biyu-biyu. An ƙera kimanin 470,000 na samfurin farko, sai kimanin 270,000 na samfuri na biyu da ya fito a 1985. A 1991 kuma motar tsere ta Mazda 787B mai injin rotari ta lashe gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, karo na farko da wani kamfanin Japan ya yi haka.

Samfuri na uku, wanda aka fi sani da FD, ya fito a ƙarshen 1991. An sa masa na'urori biyu masu cusa iska cikin inji, har ya kai ƙarfin doki 255 daga injin da girmansa bai wuce lita 1.3 ba. Sai dai ya fito a mummunan lokaci. Tattalin arzikin Japan ya shiga koma-baya, darajar kuɗin yen kuma ta yi ta hawa. Dalar da a 1985 ake canzawa a kan kimanin yen 240, a watan Afrilun 1995 ta faɗo zuwa wajen yen 80. Wannan ya sa motar da ta shiga kasuwar Amurka a kan kimanin dala 32,000 ta doshi dala 38,000 cikin shekaru uku. Masu saye suka ja baya. Bayan 1995 Mazda ya daina kai ta Amurka, inda waɗanda aka sayar gaba ɗaya ba su cika 14,000 ba. An ci gaba da ƙera ta a Japan har zuwa Agustan 2002, aka rufe da wani samfuri na musamman mai suna Spirit R, guda 1,500. Jimillar RX-7 da aka ƙera daga 1978 zuwa 2002 ta kai 811,634, amma na samfurin FD ba su cika 70,000 ba.

Abin da ya karya farashin 'yar hannu

Masu iya magana kan ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Arahar da RX-7 ta yi a kasuwar tsofaffin motoci tana da dalilai sanannu.

Na farko shi ne tsoron injin. An ƙera shi ne ta yadda zai riƙa ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan domin shafe waɗancan siraran ƙarafa. Mai motar da ya saba da inji mai fistin, wanda ba ya duba mai sai lokacin juye, yakan wayi gari ya tarar injin ya rasa matsi, ya ƙi tashi. Zafi ma babban abokin gaba ne, musamman ga FD, wadda na'urorinta biyu ke tara zafi a ƙarƙashin bonet. Sau ɗaya injin ya yi zafi fiye da kima yakan isa a sauke shi. Garambawul ɗinsa kuwa yakan ci dubban daloli, ga shi makanikan da suka ƙware a kansa ƙalilan ne ko a Amurka da Turai. Idan kuɗin gyara ya kusa kai kuɗin motar, mai ita yakan gwammace ya sayar ya huta. Ta haka ne motocin samfurin farko da na biyu suka riƙa tafiya a kan 'yan dubban daloli, waɗanda injinsu ya mutu kuma a kan ƙasa da haka. FD mai lafiya ma an sha sayar da ita a kan abin da bai kai rabin kuɗinta na sabuwa ba.

Na biyu shi ne tsarin haraji na Japan. Kowace mota sai an kai ta binciken lafiya na tilas bayan shekara uku da sayenta, daga nan kuma duk bayan shekara biyu, kuma binciken yana da tsada. Motar fetur da ta wuce shekara 13 ana ƙara mata haraji. Bugu da ƙari, wajen lissafin haraji ana ninka girman injin rotari sau ɗaya da rabi. Wannan ya sa mutanen Japan suka riƙa tura tsofaffin motocinsu gidajen gwanjo, inda 'yan kasuwa daga Birtaniya, Ostareliya da New Zealand, ƙasashen da su ma sitiyarinsu a dama yake, suka riƙa kwasa a farashi mai sauƙi.

Na uku shi ne hannun samari. Da motar ta yi araha, sai ta koma abin wasan masu tsere. Wasu suka canza mata jiki da fenti, wasu suka ƙara wa injin ƙarfi har ya fashe, wasu a Amurka suka cire shi ɗungurungum suka sa babban inji mai fistin takwas. Da yawa sun ƙare a haɗari ko a hannun masu sayen ƙarafa.

Yadda kasuwa ta juya

Wannan ɓarnar ce ta zama silar tsadar da ta biyo baya, domin kowace mota da aka lalata ta rage yawan waɗanda suka saura a yadda suka fito daga masana'anta. A ɗaya ɓangaren kuma masu nema suna ƙaruwa. Yaran da suka taso suna ganin motar a wasan kwamfuta na Gran Turismo, wanda ya fito a 1997, da fina-finan The Fast and the Furious da aka fara a 2001, sun girma sun sami abin hannu, suna neman motar da suka yi mafarki da ita.

Akwai kuma wata dokar Amurka ta 1988 wadda ta hana shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idojin ƙasar ba, sai ta cika shekara 25. Ma'ana, motocin FD da aka ƙera domin Japan kaɗai daga 1996 sun fara samun izinin shiga Amurka ne daga 2021, Spirit R ta 2002 kuma lokacinta shi ne 2027. Dillalai sun san wannan lissafi, shi ya sa farashi ke tashi a gidajen gwanjon Japan tun kafin wa'adin ya cika.

Alamun sauyin sun fara bayyana tun 2014, lokacin da aka sayar da wata Cosmo Sport ta 1967 a wani gwanjo a jihar Kalifoniya a kan dala 264,000. Daga wajajen 2019 kuma motocin FD waɗanda ba su yi tafiya mai yawa ba, ba a kuma taɓa canza masu komai ba, suka fara haura dala 50,000. Shi kansa Mazda ya lura da kasuwar, inda a ƙarshen 2020 ya ba da sanarwar komawa ƙera wasu kayan gyara na samfuri na biyu da na uku waɗanda da aka daina yi.

Ba kowace araha ce riba ba

Kafin ɗan kasuwa ya ɗauka cewa duk mota mai injin rotari jari ce, ya kamata ya dubi RX-8, wadda ta gaji RX-7 daga 2003 zuwa 2012. An ƙera kimanin 190,000, kuma ta yi ƙaurin suna wajen mutuwar inji, har Mazda ya tsawaita garantin injin a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000. A 2010 aka daina sayar da ita a Turai saboda ta kasa cika sabuwar ƙa'idar hayaƙi. A Birtaniya, waɗanda aka yi wa rajista bayan Maris na 2006 sun faɗa rukunin harajin hanya mafi tsada saboda yawan hayaƙinsu, abin da ya sa aka riƙa sayar da su a kan kuɗin da bai kai na gyaran injinsu ba. Yawansu da nauyin riƙe su sun danne farashinsu shekara da shekaru.

Ko a kan RX-7 ma, ribar ba ta kai yadda ake gani a takarda ba. Wanda ya sayi FD da araha ya riƙe ta shekara 15 ya biya kuɗin ajiya, da inshora, da haraji, da wataƙila garambawul sau ɗaya ko biyu. Kuma ba kowace FD ke samun babban farashi ba. Masu saye suna tambayar takardun gyara, da sakamakon gwajin matsin inji wanda ake yi da na'ura ta musamman, da tabbacin cewa fenti da kayan ciki na asali ne. Tazarar da ke tsakanin mota mai waɗannan shaidu da wadda ba ta da su takan kai ninki biyu ko fiye.

Ga masu harkar shigo da motoci a Nijeriya, hanyar kawo irin wannan mota ba a buɗe take ba. Waɗanda ake samu a Japan sitiyarinsu a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma dokokin hanya ba su amince da irin wannan sitiyari ba. Ga kuma iyakar shekaru da aka sa wa tsofaffin motocin da ake shigowa da su. Amma lissafin da ke cikin labarin ya shafi duk mai sayen tsohon kaya domin ajiya: nawa aka ƙera, nawa suka saura da lafiyarsu, wa zai nema nan gaba, kuma nawa za a kashe kafin ranar sayarwa.

Mazda dai bai rabu da injin ba. A 2023 ya dawo da shi a cikin motar MX-30, amma a matsayin ɗan janareto mai cajin batir, ba mai juya tayoyi ba. Tun da aka daina RX-7 a 2002 ba a ƙara ko guda a kan 811,634 da aka ƙera ba, kuma kowace shekara adadin masu lafiya raguwa yake yi. Waɗanda suka saya da araha suka ci riba su ne waɗanda suka san sun sayi rariya, suka kuma tanadi abin tarar ruwan tun ranar ciniki.