Mu Tausaya Wa Idon Mai Karatu

Ranar wata Asabar cikin hunturun bana na je Bagwai gaida kawuna, tsohon hedimasta wanda tun da ya yi ritaya ya rungumi noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Watari. Na same shi a zaure, tabarau a kan karan hanci, ya miƙar da waya nesa da fuska yana ƙanƙance ido. Bayan mun gaisa ya miƙo mini ita, ya ce, "Dakta, duba mini abin da mutanen nan suke cewa. Yau kwana uku ina fama."

Imel ne daga wani ofishi, ana kiran tsofaffin ma'aikata su je tantancewa. An buga takardar, aka sa mata hannu da hatimi, aka ɗauke ta hoto a karkace, aka turo. Baƙaƙen ƙanana kamar ƙwayar gero, tawadar ta koɗe, ranar rufewa kuwa tana can a layin ƙarshe. Da na lalubo ta, ashe ta wuce tun jiya.

Na ce, "Kawu, ai da kun ba yara sun karanta muku." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane karatu. Yanzu kuma in kira jikana ya karanta mini maganar kuɗina?" Amsar nan ta zauna mini a rai. Duk wanda aka aika wa saƙon da idonsa ba zai iya ba, an tilasta masa ya zaɓi ɗaya: ko ya rasa haƙƙinsa, ko ya buɗe sirrinsa ga wani.

Irin kawu ba su da kaɗan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani a duniya. A nan gida, binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama sun makance, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo haka. Masu gani dishi-dishi sun ninka wannan adadi. Ko mai lafiyar ido, da zarar ya haura arba'in, madubin cikin idonsa yakan fara rasa taushi, abin da ke kusa ya riƙa yi masa hazo. Mutumin Bagwai da ke son a duba shi sosai yakan niƙi gari zuwa Kano, asibitin ido na ECWA ko na Makka, da kuɗin mota da asarar yini a gona. Kafin ya samu wannan hali, gyaran da ya fi araha yana hannun mai aika saƙo.

Gyaran kuwa ba shi da wuya. Da farko, a rubuta maganar a cikin imel ɗin kansa, in ya so a haɗa hoton takardar don shaida. Rubutu na zahiri yakan bi girman da mai waya ya saita, manhajar karanta allo irin TalkBack ma tana iya furta shi; hoto kuwa sai an ja shi dama da hagu har mutum ya ɓace a tsakiyar layi. Na biyu, kada girman baƙi ya gaza lamba 14, kuma a bar shi baƙi a kan fari. Ruwan toka ko shuɗi-shuɗi yana da kyau a ofis mai labule, amma manomi a bakin kwalbati yake karatu, rana tana dukan gilashin wayarsa. Na uku, rana da wuri da abin da ake so a yi su fito tun a kan saƙon da layin farko. A gajarta sakin layi, a bar fili tsakaninsu, a guji rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe da jera manyan baƙaƙe zalla.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin dalili. Lanƙwasa 'yar mitsitsiya ce ta raba ƙafa da kafa, ta raba ɓata da bata. In baƙi ya ƙanƙance, ita ce take fara ɓacewa, ma'ana ta bi ta. Wasu nau'o'in rubutun ma ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito da akwatuna a gurbinsu. Magabatanmu sun san wannan: dubi rubutun allo, alƙalami mai kauri, tawada baƙa ƙirin, wasali a fili.

Tun Janairun 2019 Nijeriya take da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, amma ba sai an kai mu gaban doka za mu ƙara girman harafi ba. Ni kaina ba zan wanke hannuna ba. Da na dawo gida na buɗe saƙonnin da na sha tura wa ɗalibaina, na tarar da jadawalin jarrabawa a hoto, baƙaƙe cunkus. Ban taɓa tambaya ko a cikinsu akwai mai lalube irin na kawu ba. Ga shi bara likita ya rubuta mini tabarau na karatu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kawu dai sai da ya yi zirga-zirga sau biyu zuwa Kano kafin a saurare shi. Ina roƙon sakatarori da malamai da duk mai aika saƙo: kafin ka danna, riƙe wayar nesa da fuskarka, ka fita rana ka duba. In ka sha wuya, gyara. Allah Ya bar mu da ganinmu.